Jirgin da Baba Ya Riƙe

Mijin yayata, Neville, bai taɓa ganin aikin da ya fi ƙarfinsa ba, muddin wani ne ke yin aikin. In ka gan shi tsaye a bayan makaniki ko mai gyaran famfo, hannu a ƙugu yana ba da umarni, sai ka rantse shi ya koya musu sana'ar. Amma kantar da ya kafa a kicin ɗin Yaya Raelene har yau da tsohuwar jarida aka tokare ta, kuma duk ƙwan da aka ɗora a kai sai ya gangara ya faɗo ƙasa.

Babanmu Clarrie masunci ne, a ruwan ɗan garinmu na kudancin tsibirin Tasmaniya ya ƙare rayuwarsa, kuma tun ranar ɗaurin aure bai ga abin da Yaya ta gani a jikin Neville ba. Wata Kirsimeti muna cin abinci, Neville ya buɗe baki ya ce ai ƙera jirgin ruwa ba wani abu ba ne, katako ne da gam. Baba bai ko ɗago kai daga farantinsa ba.

"Kai? Ranar da ka ƙera jirgin da zai tsaya a kan ruwa, sai dai in ni zan shiga in rirriƙe maka katakan."

Kowa ya yi dariya. Neville ma ya yi, amma tasa a haƙora ta tsaya.

Cikin watan Yuli, lokacin sanyi a wajenmu, Baba ya rasu. Wasiyya biyu ya bar mana da bakinsa. Ta farko, a ƙona gawarsa yadda aka yi wa Mama, a watsa tokar a gindin turken nan mai fentin rawaya da ke tsaye cikin ruwa gaban gadar katako, inda ya saba jefa ƙugiya. Ta biyu, kada wanda ya kuskura ya saya masa tulun zuba toka mai ƙyalƙyali.

"Ku zuba ni a robar askirim," in ji shi. "Ƙusoshina da ƙugiyoyina a ciki suka yi zamansu, ban ji sun yi ƙorafi ba."

Haka muka yi. Ai a garinmu ba a yar da robar askirim. Ragowar miya a ciki take, maɓallan riga a ciki, abincin kare a ciki, kuma duk iri ɗaya ce, fara mai shuɗin murfi, tunda kanti ɗaya muke da shi. Yaya ta ɗora Baba a saman firiji, ta kasa buɗewa, ta kuma kasa daina kallo. Barcin kirki ya ƙaurace mata. Ta ce ba za ta samu natsuwa ba sai ranar da ta kai shi inda ya ce, ta kuma tsayar da ranar haihuwarsa a watan Janairu.

Maƙwabcinsu Wal, abokin Baba tun suna samari, ya ce ga jirginsa nan, a ɗauka kawai.

"Jirgin aro?" Neville ya miƙe tsaye. "Surukina zai yi tafiyarsa ta ƙarshe a jirgin aro, alhali ina da hannu biyu? Ni zan ƙera."

"Neville," in ji Yaya a hankali, "wasiyyar ubana ce fa, ba kantar kicin ba ce."

"Ke dai ki zuba ido, uwargida."

Na ce, "Mijin Yaya, ido kam za mu zuba, don ba mu da abin da ya fi."

Washegari ya ɗauko robar Baba daga saman firiji ya kai gareji, ya ɗora a kan kanta cikin jerin robobin ƙusa da na sauran tarkace. Wai so yake tsohon ya gani da idonsa. Na ce to a rubuta suna a jikin robar mana. Ya kalle ni kamar na zage shi.

"Glenys, ƙanwata, ni da na san kowace roba a nan da nauyinta? Ko ido rufe zan nuna miki surukina."

Daga ranar kullum da safe sai ya tsaya gaban kantar da kofin shayinsa, ya ce, "Ina kwana, Baba. Kana dai gani ko?"

Zanen jirgin daga Amurka ya samo shi ta intanet. Su can da inci suke awo, mu nan da santimita, Neville kuwa bai ga dalilin tsayawa karanta ƙananan rubutu ba. Ya auna, ya yanka filawud, ya haɗa. Abin da ya fito bai wuce bahon wankan jariri ba. Wal ya leƙo ta saman shinge, ya daɗe yana kallo.

"Agwagwa ce ta ba ka kwangila?"

"Samfuri ne. Duk babban maƙeri sai ya fara yin samfuri."

"To madalla. Ashe shi ya sa ka yanka katakonka mai kyau gaba ɗaya."

Yaya ta ɗauki samfurin ta cika shi da ƙasa ta shuka albasa. Shi ne abu na farko da Neville ya ƙera ya yi amfani.

A karo na biyu an samu jirgi mai girman jirgi. Ya huda gefen katakan ya ɗinke su da waya, sannan ya tara mu ya yi mana lacca. Gam ɗin, wanda ake kira ifoksi, ruwa biyu ne a galan biyu, sai an haɗa su suke daskarewa. A dama shi da wani farin gari har ya yi kauri kamar tunkuza, a cike duk mahaɗar katako da shi. Daga nan a lulluɓe bayan jirgin da yadin faiba, a jiƙe yadin da gam, ya bushe ya zama ƙashi. Garin nan kuwa buhu guda ya saya, ya juye shi a robobin askirim biyu, don wai buhu na jawo raɓa.

A jikin galan an ce a riƙa damawa kaɗan-kaɗan. Neville ya ce wannan shawara ce ta ragwaye. Ya zaɓi wata rana mai zafi a Disamba, ya ɗauko babbar robar da Yaya ke kwaɓa kek ɗin Kirsimeti a ciki, ya tuttula gam har baki. Yana tsaka da yi wa Wal bayanin yadda ake riƙe muciya, robar ta fara hayaƙi.

"Neville, miyarka ta tafasa," in ji Wal.

"Haka yake yi. Alamar mai kyau ne."

Kafin ya rufe baki robar ta lanƙwashe, gam ya malalo yana tiriri, wari ya cika gareji. Maƙwabta suka fito da gudu. Kowa ya rarumi abin da hannunsa ya kai ya yi waje da shi, robobi suka baje a kan ciyawa. Wal ya janyo tiyo ya saki ruwa, kuma na lura rabin ruwan a kan Neville ya ƙare, ba na jin kuskure ne.

Yaya ta fito daga kicin hannunta duk fulawa. Ba ta tambayi robar kek ɗinta ba.

"Ina Baba?"

Neville ya dubi fararen robobin nan masu shuɗin murfi, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya jinjina ta a tafin hannu.

"Ga shi nan, lafiyarsa ƙalau. Ba na ce miki na san nauyin surukina ba?"

Ya mai da ita saman kantar garejin, ya goge mata murfi da hannun riga. Yaya ta saki ajiyar zuciya ta koma ciki.

Aikin cike mahaɗa ya kankama. Bai yi nisa ba robar gari ta farko ta ƙare, ya janyo ta biyu. Ina wurin, na kawo wa Yaya lemon tsami daga bishiyata.

"Wannan garin kuma ya na ga launinsa daban?" na tambaye shi.

"Na ƙasan buhu ne. Shi ne mai ƙarfin, duk albarkar a ƙasa take taruwa."

Ya dama, ya shafe ƙashin bayan jirgin tun daga hanci har gindi, ya bi kowane lungu, ya kankare robar tas. Da ya bushe ya kawo samfefa zai goge, samfefar ta cinye, mahaɗar ko gezau. Ya sa wata, ita ma haka.

"Ban taɓa ganin gari mai taurin kai irin wannan ba," in ji shi yana haki. "Kana goga shi yana yi maka gardama." Ya juya wajen robar da ke kan kantar garejin. "Baba, ka ga aiki ko? Ko guduma ba za ta raba wannan ba."

Saura yadin faiba. A nan ne basirar Neville ta kai ƙarshe. Ya ce ruwa na biyu ai shi ke sa tauri, saboda haka in ka ninka shi, taurin ma ya ninku. Wal ya ce shi dai bai san komai ba, amma da haka ne da masu kamfanin sun faɗa.

"Za su faɗa maka sirrinsu ne? So suke ka yi ta dawowa."

Gam bai bushe ba. Mako ya zagayo yana nan danƙo kamar zuma. Ƙudaje suka sauka ba su tashi ba. Malam-buɗe-littafi suka biyo baya. Kazar Wal ta yi tsalle ta hau, aka ciro ta da kyar, ta bar rabin gashin cikinta a wurin. Wal ya zo bin kadin kazarsa, ya dafa jirgin da hularsa a hannu, hular ta manne. Neville kuwa da zai nuna mana cewa gefen hagu ya soma kamawa, sai ya jingina da shi yana magana. Da almakashi Yaya ta fitar da shi daga cikin wandonsa, ya ratsa tsakar gida da gajeren wando, matan layin suna leƙe ta shinge.

"Mijin Yaya," na ce, "jirgi ne wannan ko tarkon ƙuda?"

"Daga ciki yake bushewa. Ku mata ba ku san kimiyya ba."

Da ranar ta matso, ya kawo shuɗin fenti ya shafe komai, da ƙudan da gashin kazar da guntun wandon. Fentin ya yamutse kamar fatar tsoho. A hancin jirgin ya rubuta suna da manyan fararen baƙaƙe: AI NA FAƊA MAKA. Yaya ta roƙe shi ya canza, ya ce tsakaninsa da Baba ne.

Daren jajibiri ban je ba, amma da sassafe Yaya ta kira ni. Ta ce, "Glenys, in abin nan ya nutse da Baba a hannuna kafin mu kai turken, ban san yadda zan yi da raina ba." Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin Neville. Na ce zan shiga jirgin tare da ita, ko me zai faru.

Gari ya fito kaf, don babu wanda bai taɓa cin kifin Baba ba. Tsofaffin masunta suka jeru a kan gadar katako da rigunansu na zuwa coci, mata suka kawo kek da shayi. Neville ya iso da farar hular kyaftin da ba wanda ya san inda ya samo ta. Ya yi ta ƙoƙarin komawa da baya da motarsa, da amalanken da ke ɗauke da jirgin maƙale a bayanta, a gangaren ruwa, amalanken na lanƙwashewa yana nufar wurin masu shayi, har Wal ya ce a bar shi, watakila ta tudu zai kai Clarrie. A ƙarshe maza suka ɗaga jirgin da hannu suka sa a ruwa, kowa ya janye tafinsa da shuɗin fenti.

Abin mamaki, ya tsaya a kan ruwa. Neville ya cire hula ya rusuna wa jama'a.

Muka shiga. Yaya ta rungume robar a cinyarta, ta ɗan ɗaga ta.

"Neville, kamar Baba ya rage nauyi."

"Zafin gareji ne ya busar da shi."

Ya ja filafili. Ba mu yi nisa ba na ga wani abu shuɗi yana bin mu a baya. Yadin faiba ne ya fara saɓulewa daga jikin jirgin kamar ɓawon ayaba, ya baje a kan ruwa da ƙudajensa da gashin kazarsa. Hular Wal ta ɓalle ta yi nata wuri.

"Ga hulata can ta samu 'yanci," Wal ya faɗa daga kan gada, dariya ta ɓarke.

Bencin da Neville ke kai ya ɓalle, ya zauna daɓas a ƙasan jirgi, ƙafafu sama. Maƙalin filafilin dama ya fita, muka shiga zagaye a wuri ɗaya. Duk abin da ya manna da gam ɗinsa mai ninki ya rabu da mu. Amma ƙasan jirgin a bushe yake. Mahaɗar nan mai launin toka ko ɗigon ruwa ba ta bari ya shigo ba.

"Kun gani?" Neville ya ɗaga murya daga inda yake a kwance. "Kayan ado ne suka tafi. Ku dubi asalin aikin."

Da hannu da filafili ɗaya muka lallaɓa har gindin turken. Jama'a suka yi tsit, maza suka cire huluna. Yaya ta rufe ido ta yi addu'arta a ciki, sannan ta ɓalle murfin da ta kasa buɗewa tun Yuli.

Iska ta ɗebi wani farin gari mai laushi ta watsa mana a fuska. Fari fat, ba nauyi, yana tashi kamar hodar jarirai. Ya manne a girar Neville, ya rufe min baƙar rigata. Yaya ta sa yatsa ta murza. Ni ce na juye tokar Baba a robar da hannuna, na san kamanninta, kuma ba wannan ba ce.

"Neville," in ji Yaya. Muryarta ba ta tashi ba, amma a kan ruwa magana na tafiya, duk gadar ta ji. "Mene ne wannan?"

"Wannan ai... garin gam ne."

"To ina ubana?"

Na ga idonsa ya sauka a hankali kan mahaɗar da ke tsakanin ƙafafunsa, ya bi ta da kallo tun daga gindi har hanci. Sai ya janye ƙafafunsa ya naɗe su, kamar wanda ya taka sallayar wani.

"Mijin Yaya," na ce, "garin nan mai gardama?"

Ya gyaɗa kai.

"Wato wata guda kana gaida garin gam da safe, kana yi masa gori?"

Wani a kan gada ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Ta bi layin tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe da huluna a ƙirji kafaɗunsu na girgiza. Ni kaina ban san ko kuka zan yi ko shaƙe shi zan yi ba.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ɗora tafinta a kan mahaɗar, ta daɗe a haka. Sannan ta yafito Wal, ya kawo jirginsa, muka tsallaka ni da ita. Neville ya yunƙura zai biyo mu, ta ɗaga masa hannu.

"Baba ya ce a nan za a sa shi. Cire toshiyar gindin jirgin, ruwa ya shiga."

"Raelene, uwargida, ki tsaya mu yi magana. Jirgin fa ya yi. Kowa ya ga ya yi. Sai mu riƙa kawo shi yawo duk Lahadi, ai zai fi jin daɗi."

"Bai ce yawo ba. Cire."

"Ko mu ɗan kankaro kaɗan mu watsa..."

"Da wace samfefar?" in ji Wal.

Neville ya durƙusa ya zare toshiyar da ke gindin jirgin. Ruwa ya bulbulo, ya kai masa idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Daga nan kuma jirgin ya tsaya. Katako ne, ya cika taf amma ya ƙi nutsewa, yana lilo a fuskar ruwa da Neville zaune a ciki da hular kyaftin.

"Clarrie ke nan," in ji Wal. "Bai taɓa tafiya don an ce ya tafi ba."

Sai da aka yi layi daga bakin gaɓa ana miƙo duwatsu hannu da hannu, Wal na karɓa yana miƙa wa Neville, shi kuma yana jera su a cikin jirgin da ya ƙera. Duk dutsen da ya karɓa sai wani ya tambaye shi ko ya san nauyinsa. A ƙarshe Wal ya ɗauko tsohuwar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, wadda Baba ya ba shi tun suna fita kamun kifi tare, ya sumbace ta, ya miƙa. Gindin jirgin ya yi ƙasa. Wal ya cafko Neville ta bel ya jawo shi cikin namu kamar buhun dankali.

Hancin ne ya rage a sama. Ya ɗan tsaya yana fuskantar Neville, fararen baƙaƙen nan suna sheƙi a rana, AI NA FAƊA MAKA, sannan ruwa ya rufe su daidai gindin turken.

Dariya ta ɗauke. A nan Yaya ta fashe da kukan da ta riƙe tun Yuli, na rungume ta ni ma ina yi, kuma cikin kukan na ji jikinta ya saki, nauyin nan ya sauka. Wal ya juya mana baya yana gyaran igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Neville na rakuɓe a gefe yana karkarwar sanyi, gari a gira, fenti a kunne. Na ɗauka yau kam bakinsa ya mutu. Ina. Muna dab da gada ya yi gyaran murya, ƙasa-ƙasa.

"Amma dai kun gani da idonku, ko ɗigo bai shiga ta mahaɗar ba."

Yaya ta share hawaye da bayan hannu, ta cire tawul ɗin da ke wuyanta ta yafa masa.

"Mun gani," ta ce. "Ai ya faɗa maka zai riƙe."